Baƙon Amarya

"Ba zan buɗe ba," in ji Amarya daga cikin ɗaki. "Ka koma ka faɗa wa wanda ya turo ka cewa na gane ka."

Baba Direba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, kofin shayi a hannun dama, ƙwayoyin magani a tafin hagu. Ƙafafunsa sun kumbura har igiyar silifas ta nutse cikin nama. Bai sake ƙwanƙwasawa ba, bai yi gardama ba. Ya juyo ya dubi maƙwabciyarsu Maman Biyu, wadda ke durƙushe a bakin famfo tana wanke kofunan yaranta.

"Maman Biyu, yau ma sai ke. An kore ni daga aiki tun da sassafe."

Ta ɗauraye hannu, ta goge a zani, ta karɓi kofin da maganin. Tana yin sallama sakata ta motsa, ƙofar ta buɗe daidai shigar mutum a karkace. Amarya ta janyo ta ciki ta mayar da sakatar.

Doguwar mace ce da ta haura hamsin, mai tsafta har abin ya yi yawa. Sunan Amarya ya bi ta tun ranar da aka kawo ta gidan hayar nan, kuma bai sake ta ba ko da furfura ta cika mata kai.

"Kin san har tarin maigidan ya koya?" ta ce da raɗa. "Jiya na ji shi. Sak. Mutanen nan ba ƙaramin shiri suka yi ba."

"Sha maganinki, Anti, shayin zai huce."

"Ke kika haɗa?"

"Ni na haɗa."

Sai ta sha.

Babu wanda bai san labarin ba a gidan. Ba su daɗe da aure ba lokacin, shi yana jan babbar mota, tafiyar makonni. Yana kan hanya ta haifi ɗa namiji, jaririn bai zo da kwana ba. Da Direba ya dawo ya sauke jaka a ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Maigidan ba ya nan." Aka ce zafin rashi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Ta yarda fuskar ta mijinta ce, tafiyar tasa ce, har tabon da ke haɓarsa, amma ta ce wanda ke cikin jikin ba shi ba ne, wani aka sako.

Yayanta ya zo ya ɗauke ta, ya kai ta wani gidan masu magani a bayan gari. Direba ya je dubiya ya tarar da ita ɗaure da sarƙa a jikin turke, an aske mata kai. A ranar ya ɗauko ta, kuma tun daga ranar ba su sake gaisawa da yayan ba. Har yanzu in ta ɗaga zani za ta yi wanki, ana ganin tabon a idon sawunta. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ta a kan ƙwayoyi. Suka kwantar mata da tsoro, ta daina ihu, ta daina kwana da wuƙa a ƙarƙashin filo, amma ba su dawo mata da mijinta ba. Danginsa suka yi ta binsa ya sake ta ya auri lafiyayya. Shi kuwa ya ajiye babbar mota, ya koma jan motar ma'aikata a cikin gari, ya shimfiɗa 'yar katifa a falo. Ita tana uwar ɗaki da sakatarta.

Abin da ya riƙe auren, waya ce. Wata rana ya kira daga wurin aiki don ya ce mata mai gyaran wuta zai zo, sai ya ji ta fashe da kuka tana cewa, "Maigida, ina ka shiga haka?" In ba ta ganin fuskar, muryar kaɗai ta ishe ta. Tun daga nan kullum da yamma sai ya yi wanka, ya taka zuwa kwanar layi, ya zauna a bencin mai faci ya kira ta. Maman Biyu takan ji ta daga tsakar gida tana dariya kamar budurwa, tana kai ƙarar baƙon da aka bar mata: ya cika shan sukari, yana minshari, yana kallonta da ido irin na maraya.

"Ni kaɗai ne a layin nan matata ke saurayi da sanina," yakan ce wa mai faci. "Kuma ni ke sa masa kati."

Ba waliyyi ba ne. Akwai ranar da Maman Biyu ta ji ya maka kwano a bango yana cewa, "Ni ne, ni ne, wa kike so in zama?" Akwai kuma lokacin da ya tattara kayansa ya koma gidan ƙanwarsa, ya ce ya gama. Ba a jima ba aka aika masa cewa Amarya ta daina cin abinci. Ya dawo da jakarsa, ta leƙo ta taga ta ce, "Af, kai ne kuma."

Da Maman Biyu ta fito da kofin, ta same shi zaune a kan dandamali yana numfashi da baki.

"Baba, me likita ya ce jiya?"

"Ya ce ƙodar ta ajiye aiki. Duka biyun, kamar sun haɗa baki. Wai a ba ni gado."

"To ka kwanta mana."

"In kwanta a can, ita kuma ta kwanta da wa a nan?" Ya murza gwiwa. "Na tambaye shi, in na kwanta zan tashi? Sai ya hau duba takarda. Ni direba ne, Maman Biyu. Na san ƙarar injin da ya gama."

Daga nan jikin ya riƙa zamewa. Ya daina zuwa aiki. Fuskarsa ta kumbura ta yi sheƙi, abinci ya daina zama a cikinsa. Tafiyar kwanar layi ta koma ta dafa bango, har ranar da mai faci ya kawo shi gida a rungume. Washegari da yamma ya tsallaka tsakar gida da kyar, ya tsaya a ƙofar Maman Biyu.

"Ki ara mini ɗakinki. Lokacin kiran budurwa ya yi."

Ta tura tagwayenta wasa waje, ta kwashe yadudduka daga kan kujerar keken ɗinkinta, ta zaunar da shi. Ta rufe ƙofa da taga don kada muryar ta tsallaka Amarya ta ji ta a waya da kuma a tsakar gida. Yatsunsa sun yi kauri ba su iya danna waya, ita ta danna masa. Ta so ta fita, ya yi mata alama da hannu ta zauna, ko don yana tsoron faɗuwa daga kujerar.

"Maigida," in ji Amarya. Muryar ta fito sarai a ɗakin. "Yau ka makara."

"Hanya ce ba kyau. Kin ci abinci?"

"Na ci. Muryarka fa? Mura kake yi?"

"'Yar gajiya ce."

"Kullum gajiya. Ka dawo gida mana ka huta. Na ce maka kujerar nan taka ban bar kowa ya zauna a kai ba."

Ya rufe ido. "Amarya, wannan tafiyar da nisa. Inda za mu shiga, waya ba ta cika kamawa ba. In kin ji shiru kada ki damu."

"Haka ka ce wancan karon."

"Mutumin nan da ke gidan fa, yana nan?"

"Yana nan. Ba shi da lafiya, ƙafarsa kamar turmi. Ni tsoro nake kada ya mutu mana a falo a ce mu ne."

Dariya ta kama shi, ta juye tari. Maman Biyu ta miƙa masa ruwa ya ture.

"In ya taɓa ɓata miki, ki yafe masa," ya ce. "Ni na roƙa."



"Ai ba shi da laifi sosai," in ji Amarya. "Yana da haƙuri. Duk abin da na yi masa bai taɓa kai ƙarata ba. Wani lokacin har tausayi yake ba ni, ko iyali ba shi da su, ba mai zuwa wurinsa. Amma ka sani, maigida, ba kai ba ne."

"Na sani."

"To ka dawo."

"To."

Da aka kashe wayar ya daɗe yana kallon allurar keken. Maman Biyu ta kasa haɗa ido da shi, ta hau tsince zare a ƙasa.

"In na tafi yayanta zai zo," ya ce. "Ba mugu ba ne, shi dai abin da ya sani ke nan, kuma matarsa ba za ta zauna da ita ba. Zai mayar da ita can. Maman Biyu, daga hannunki kaɗai take karɓar magani ranar da abin ya motsa. Ba na cewa ki ɗauke ta. Ki dai bari ta zauna a ɗakinta, ki riƙa leƙa ta safe da yamma. Ba ta da wahala in an san ta."

"Baba, Allah zai ba ka lafiya."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Bari in yi magana da Baban Biyu."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda ya riga ya ji amsar, ya dafa keken ya miƙe.

Ta yi maganar da mijinta bayan ya dawo daga shagon kafinta, yana cire ƙurar katako daga gashinsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗa da ta samu abin riƙewa.

"Ɗaki ɗaya gare mu, ga yara," ya ce. "Mai gidan hayar nan ba zai bar ta ita kaɗai ba, kin sani. Kuma ranar da ta tashi ta ce ke ma an musanya ki fa? Ko ta dubi yaran nan ta ce ba su ba ne? Shi da ya aure ta kin ga yadda ya ƙare. Tana da dangi. Mu maƙwabta ne."

Ta nemi inda ya yi ƙarya a maganar ba ta samu ba. Baba Direba bai sake tambayarta ba, ita ma ba ta kai masa amsa ba. Ta riƙa kai masa ruwan zafi, tana juya masa filo, suna hirar tsadar kaya da rashin wuta. Kira kuwa ya tsaya, don ko tsakar gida ya daina iya tsallakawa, kuma daga falo Amarya za ta ji shi ta ƙofa.

Wata safiya rana ta ɗan ɗaga, Maman Biyu tana kan keke tana ɗinka rigar makaranta, sai inuwa ta rufe mata haske. Amarya ce tsaye a ƙofa. Rabon da ta tsallako tsakar gida da ƙafarta har an manta.

"Maman Biyu, zo ki duba mini baƙon nan. Na haɗa masa shayi ya ƙi tashi."

Yana kwance a kan 'yar katifarsa, ya juya fuska wajen ƙofar uwar ɗaki, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. An lulluɓe shi da bargo mai furanni, na kan gadon Amarya, wanda ko shanya ba ta yarda wani ya taɓa. Kofin shayin yana gefen kansa, ya yi fata a sama. Maman Biyu ta taɓa wuyansa, ta ji sanyi.

"Na ga yana rawar ɗari ne na rufa masa," in ji Amarya a bayanta. "Kada ki faɗa wa maigidan na ba shi bargonmu."

Maman Biyu ta yi salati a hankali, ta ja bargon ta rufe masa fuska.

Maza suka taru, aka yi masa abin da ake yi wa mamaci, aka fita da shi kafin rana ta karkata. Mai faci ya rufe wurin aikinsa ya bi su yana share ido da bayan hannu mai baƙin mai. Mata suka cika falon da tsakar gida. Amarya ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, tana amsa gaisuwa da ladabi.

"Allah ya ji ƙansa, ai mutumin kirki ne. Kun kyauta da kuka zo. In maigidan ya dawo zan faɗa masa."

Ƙanwar marigayin, wadda ta iso idanu jawur, ta miƙe daga tabarma.

"Wane maigidan? Mijinki aka fita da shi yanzu. Kin cinye masa ƙuruciya, kin cinye masa tsufa, ko ɗan da zai yi masa addu'a bai bari ba, kuma kina zaune kina raba ruwa."

Mata suka riƙe ta. Amarya ta dube ta ba fushi, ta juyo wajen Maman Biyu ta ce a hankali, "Ashe yana da 'yar'uwa. Ina take duk shekarun nan?"

Bayan an watse, Amarya ta shiga aiki. Ta naɗe katifar falo ta jingine a waje, ta wanke daɓe da sabulu, ta goge tagogi. Ta ce tunda baƙon ya tafi, ba abin da zai hana maigidan dawowa. Da yamma takan yi wanka ta zauna a bakin gado da waya a cinya. Maman Biyu tana kai mata magani safe da yamma, tana karɓa, amma abinci ya fara dawowa yadda aka kai shi.

"Ya ce wajen ba ya kamawa," takan ce. "Amma ai ya kamata a ce sun fito zuwa yanzu."

Ranar da yayan ya zo, tun da safe Amarya ta fito da kayan marigayin kaf, riguna da wanduna da tsohuwar rigar aikinsa mai tambarin kamfani a aljihu. Ta ce baƙon ya sa su duk sun ɗauki warinsa, ba za ta bar maigida ya tarar da su haka ba. Ta wanke su fes, ta cika igiyoyin tsakar gida da su, har ta ari ta Maman Biyu.

Yayan dattijo ne siriri mai sanda, ya zo da motar haya da wani ƙato da ya tsaya a bakin ƙofar gida. Ya gaisa da Maman Biyu, ya yi mata godiya a kan ɗawainiya. Ta ja shi gefe ta nuna masa ledar magani, ta faɗa masa wanne ne na safe, wanne na yamma.

"Shekara nawa tana shan waɗannan?" ya ce. "Me suka yi mata? 'Yata, ni ma tsufa ya kama ni, ba zan iya gadinta ba. Can akwai masu kula da irinsu."

"Baba, can ɗin ne fa aka ɗaure ta."

"An gyara wurin yanzu, haka aka ce mini."

Ya karɓi ledar ya cusa a aljihu ba tare da ya duba ba. Sannan ya shiga falo ya ce wa ƙanwarsa ta shirya, mijinta ya sauka a wurinsa, yana can yana jiranta.

Amarya ta shige uwar ɗaki. Ta fito cikin atamfa mai ruwan ganye da ba a taɓa gani a jikinta ba, karin ninki duk a jiki, ta sa kwalli, tana ƙamshin turare. A tsakar gida ta tsaya, ta dubi yayanta, ta dubi ƙaton da ke bakin ƙofa, sannan ta zo dab da Maman Biyu ta kama hannunta.

"Yaya ya taɓa yi mini irin wannan," ta ce da raɗa. "Ke ba kya yi mini ƙarya. Da gaske ya dawo?"

Baban Biyu yana tsaye a ƙofar ɗakinsu, tagwayen sun leƙo ta bayan ƙafafunsa. Dattijon yana kallon ƙasa.

"Haka Yaya ya ce, Anti."

Amarya ta daɗe tana duban fuskarta. Sai ta saki hannun, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"To ki kwashe mini shanyar in ta bushe. Gobe ko jibi za mu zo tare."

Ta shiga bayan mota, ƙaton ya shiga kusa da ita ya ja ƙofa. Ba ta waiwayo ba, tana zaune a miƙe, jaka a cinya, har motar ta sha kwanar mai faci.

Can da yamma hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa rigunan a kan igiya. Maman Biyu ta fito ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cirewa, tana ɗorawa a kafaɗa, har suka yi mata tsibi. Ta nufi ƙofar Amarya da su, sai ta tarar mai gidan haya ya riga ya sa kwaɗo. Ta tsaya a ƙarƙashin rufin kwano da kayan a rungume, suna ƙamshin sabulu, yayyafi ya fara sauka a tsakar gida.